Kwamfuta ta ce shaf ɗin zai ɗauka, amma ya karye a mako na bakwai

Sadiq_Mech:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya. Na haɗa wa wani mai gonar kaji injin niƙa mai guduma, na masara da waken suya. Moto mai kilowat 11, juyi 1450 a minti, na haɗa fuli biyu da ɗaya don rota ta riƙa yin 2900. Shaf ɗin milimita 45 ne a tsakiya, aka sassaƙe shi zuwa 35 a mazaunin boris, boris samfurin UCP207 guda biyu. Kafin a yanka ƙarfe na zana komai a manhajar SolidWorks na yi simuleshan, wato gwajin nauyi a kwamfuta. Na sa ƙarfin murɗa, na sa nauyin rota, na sa jan bel nuton 2000. Rarar tsaro, wato ninki nawa ƙarfin shaf ya fi nauyin da ke kansa, ta fito sama da 4, kusan ko'ina shuɗi a hoton manhajar, alamar ba matsi sosai. Shekaranjiya mutumin ya kira ni, shaf ya karye daidai matakalar da ke jikin boris na ɓangaren fuli, mako bakwai da kai masa injin. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Abin da ya hana ni barci shi ne, idan manhajar ta ce 4 kuma ƙarfe ya karye, to da me zan dogara a aiki na gaba? Ko dai simuleshan ɗin nan na makaranta ne kawai?

Baban_Walda_Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Ɗana, shekarata talatin da wani abu ina haɗa irin wannan injin, ban taɓa sa wa moto mai doki 15 shaf ƙasa da 40 a wurin boris ba. Ban san lissafin ba, amma haka maigidana ya koya mini, kuma nawa ba sa karyewa. Ku yaran yanzu kun fiye yarda da allon kwamfuta.

Injiniya_Hauwa:
Sadiq, kafin mu kama manhaja da laifi, tambaya uku. Wane irin nazari ka zaɓa, na nauyin da ke tsaye ko na gajiyar ƙarfe? Yaya ka riƙe shaf ɗin a wurin boris? Sannan kusurwar matakalar, ka sa mata radiyos, wato ɗan zagaye a maimakon kaifi, a zane? Kuma ka ɗora mana hoton fuskar da ta karye, kar ka wanke ta, kar ka haɗa ɓangarorin biyu kana gwada su.

Sadiq_Mech:
Hajiya, na tsaye na yi. Wurin boris na kulle fuskokin biyu gaba ɗaya, ba motsi. Radiyos kuma gaskiya ban sa ba, mai injin lez ma kusurwa tsaf ya fitar. Ga hoton.

Injiniya_Hauwa:
To ai hoton ya gama rabin magana. Dubi gefen da'irar, sumul, da layi-layi kamar sawun da ruwa ke bari a kan yashi bayan rafi ya janye. Tsakiya kuma ga ɗan wuri mai kaushi. Tsagar ta fara ne daga kusurwa, a wurare da yawa a lokaci guda, tana cin ciki a hankali, har sai da abin da ya rage ya kasa ɗauka ya ɓalle lokaci ɗaya. Wannan gajiyar ƙarfe ce. Tambayar da ka yi wa manhajar ita ce, idan na ɗora wannan nauyin sau ɗaya, ƙarfen zai lanƙwashe? Ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Amma bel yana jan shaf ta gefe ɗaya shi kuwa shaf yana juyawa, don haka kowane ɗigo a jikinsa ana miƙe shi ana matse shi sau ɗaya a kowane juyi. A 2900, juyi miliyan ɗaya bai kai awa shida ba. Ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya ba ta komai, ka yi ta kaiwa da komowa ka gani.

Na biyu, kulle fuskar boris da ka yi shi ya ɓoye maka ciwon. UCP boris ne mai daidaita kansa, yana barin shaf ya ɗan karkata a cikinsa. Da ka kulle shi kamar an binne shi a kankare, lanƙwasar da bel ke kawowa ta tsaya a bakin boris, ba ta ƙetara zuwa matakalar da ke ciki ba. Shi ya sa ka ga wurin shuɗi.

Abba_BUK_400L:
Ina koyo. Hajiya, ashe ba launi ake kallo ba? Mu a aji idan ba ja sai mu ce an wuce.

Injiniya_Hauwa:
Abba, ja yana nufin mafi girma a cikin wannan hoton kawai. Ko megafaskal 5 ne (ma'aunin matsi) mafi girma, ja zai fito. Lamba ake karantawa.

Lawan_Lissafi:
Bari mu yi da biro, don wannan shaf bai kai a kunna masa kwamfuta ba. Ƙarfin murɗa: 9550 sau 11, a raba da 2900, ya ba da nuton-mita 36. A kan milimita 35 wannan bai wuce megafaskal 4 da 'yan kai ba, don haka a ajiye murɗa gefe, ba ita ta karya shi ba. Sadiq, nawa ne daga tsakiyar fuli zuwa tsakiyar boris?

Sadiq_Mech:
Milimita 120, Malam.

Lawan_Lissafi:
Madalla. 2000 sau 0.12, nuton-mita 240. A mayar da shi nuton-milimita 240,000, sau 32, a raba da fai (3.14) sau 35 sau 35 sau 35, ka samu megafaskal 57. Ƙarfe mai laushi yana fara miƙewa a wajen 250. Raba 250 da 57, ka samu 4.4. Ka ga 4 ɗinka ke nan, layi uku a takarda. Yanzu abin da bai shiga ba. Kusurwa mai kaifi tana tara matsi wuri ɗaya, ninki biyu da rabi ko fiye, 57 ya koma wajen 140. Shi kuma ƙarfe mai laushi wanda ke tsinkewa a 400, iyakar juriyarsa ga kaiwa da komowa rabin hakan ne, 200, kuma wannan a kan ɗan sanda mai sheƙi na ɗakin gwaji. Ka cire na kaushin lez, ka cire na kauri, abin da zai rage bai fi 140 zuwa 150 ba. Wato rarar da kake da ita ta gaskiya kusan 1 ce, ba 4 ba.

Sadiq_Mech:
Innalillahi. Na canza riƙon boris kamar yadda Hajiya ta ce, matakalar ta koma ja. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Da raga mai manyan ido, wato ragar da manhaja ke yanka zane da ita ƙanana-ƙanana don lissafi, na samu 70, na ƙanƙanta ta ya koma 110, na ƙara ya wuce 160, na ƙara ya haura 200. Wanne zan ɗauka?

Injiniya_Hauwa:
Ba ko ɗaya. Kusurwar da ba ta da radiyos kwata-kwata, a lissafi matsinta ba shi da iyaka, duk yadda ka ƙanƙanta raga zai yi ta hawa. Je ka auno radiyos ɗin da bakin wuƙar lez ya bari a ƙarfen, ko da rabin milimita ne, ka sa shi a zane, ka jera ƙananan ido aƙalla biyar ko shida a kan lanƙwasar. Daga nan za ka ga lambar ta tsaya cik, ta daina canzawa idan ka ƙara. Sai a wannan lokacin ake yarda da ita.

Oga_Sani_KofarRuwa:
Duk kuna ta lissafi ba wanda ya tambayi ƙarfen. Sadiq, me ka saya? Na san abin da nake faɗa, a kasuwa nake. Mutum zai zo ya ce a ba shi ƙarfe samfurin EN8, a ɗauko masa sandar da ba takarda ba hatimi, shi ma mai sayarwa haka ya saye ta. Kai kuma ka je ka zaɓi suna mai kyau a cikin jerin manhaja. Ku riƙa sa guntu a kan giranda kuna kallon tartsatsi. Mai laushi tartsatsinsa dogaye ne ba reshe sosai, mai yawan kabon kuwa yana fashewa kamar taurari.

Baban_Walda_Panteka:
Gaskiya ne Alhaji Sani. Ni tsohon shaf na babbar mota nake nema idan aiki mai nauyi ne.

Lawan_Lissafi:
Baba, ƙarfen mota yana da kyau, amma da sharaɗi biyu. Ƙarfe mai tauri ya fi mai laushi jin ciwon kusurwa mai kaifi, don haka in ba a gyara matakala ba ribar kaɗan ce. Kuma kar a kusance shi da walda. Na sha ganin an ɗana fuli da walda a kan irin wannan ƙarfen, ya tsage a gefen ɗinkin. Wani abin kuma da mutane ba sa yarda in an faɗa musu: taurin ƙarfe ba ya rage lanƙwasa. Mai laushi da mai tauri irin EN19, in kaurinsu ɗaya, nauyi ɗaya, daidai za su rusuna, duk wajen gigafaskal 200 zuwa 210 ne. Kauri ne ke hana rusunawa.

Mamane_Maradi:
Sannunku da aiki. Ni abin da na gani a wajenmu shi ne guduma. In ɗaya ta cinye fiye da 'yar uwarta, ko yaro ya juya su bai auna ba, inji ya kama rawa har ƙasa na girgiza. Giram 100 kawai a nisan milimita 200, a juyi 2900, yana jan kusan kilo 190. Ni ina zaton wannan ne ya karya shi.

Injiniya_Hauwa:
Malam Mamane, lissafinka daidai ne, amma ka lura da abu ɗaya. Wannan jan yana zagayawa ne tare da shaf, kullum gefe ɗaya na ƙarfen yake miƙewa, don haka shi shaf ɗin ba ya jin sa a matsayin kaiwa da komowa. Waɗanda ke shan wahalarsa su ne boris, kusoshi da waldar firam. Jan bel ne ke tsaye wuri ɗaya shaf na juyawa a ƙarƙashinsa. Ban ce a bar auna guduma ba, dole a auna su bibbiyu a sikeli, masu fuskantar juna su zo daidai. Amma hoton nan tsaga ce ta zagaye da'ira, irin ta lanƙwasa mai juyawa.

Mamane_Maradi:
Na gode Hajiya, ban taɓa kallon sa ta nan ba. Amma in boris ya saki saboda rawar, ai shaf ma zai ji.

Injiniya_Hauwa:
Zai ji, wannan kam ban musa ba.

Dr_Kabiru_Samaru:
Maganar Baba ta farko nake so in koma wa, don kar matasa su ɗauka ana cewa a jefar da kwamfuta, kar kuma su raina abin da ya faɗa. Daga 35 zuwa 40 ba ƙarin 5 ba ne kawai, ƙarfin shaf yana tafiya ne da kauri sau kauri sau kauri, wato ƙarin kusan rabi. Dokar da maigidan Baba ya ba shi ta fito ne daga shafuna da yawa da suka karye a hannun wasu kafin shi. Haka ilimin ya faro ma a Turai. A 1842 gatarin jirgin ƙasa ya karye a hanyar Versailles zuwa Paris, mutane da yawa suka mutu. Daga baya August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe da nauyi a rataye yana ƙirga juyi nawa kowanne zai yi kafin ya karye. Jadawalin da muke amfani da shi yau daga nan ya samo asali, kuma gwajin nasa kusan hoton injin Sadiq ne.

Su ma manyan da ke da kuɗi da kwamfuta sun faɗa ramin. A watan Agusta 1991 gindin kankare na dandamalin haƙar gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norwe, ana tsakiyar gwada shi. Bincike ya nuna lissafin da aka yi da manhajar NASTRAN ya ba da matsin da ke wasu bangaye ƙasa da na gaskiya da kashi 47 cikin ɗari, saboda yadda aka tsara ragar a wurin. Manhajar NASA ce asalinta, ba ta da laifi a lissafi. Ba a samu wanda ya zauna da biro ya duba ko lambar ta yi kama da gaskiya ba.

Abba_BUK_400L:
Dakta, to a wane aiki ne simuleshan ya fi biro?

Dr_Kabiru_Samaru:
Inda siffa ta fi ƙarfin dabarar littafi. Firam mai walda da yawa, akwatin giyar inji, faifan rota mai ramuka, ko neman juyin da inji zai kama rawa da kansa. Ya fi amfani kuma wajen kwatanta zane biyu, wannan da haƙarƙari, wancan babu, wanne ya fi. A nan ko lambar ba ta cika daidai ba, bambancin yana koya maka abu. Shaf mai boris biyu da fuli ɗaya kuwa, biro tukuna.

Usman_Suame:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, abin da muke yi wa shaf da muke zargi, mu wanke shi, mu jiƙa shi da kananzir, mu goge, mu shafa alli da aka dama. In ya bushe ka ɗan buga shi da guduma, inda tsaga take kananzir zai fito ya ɓata allin. Sadiq, in ka haɗa wa wasu irin wannan injin, je ka duba nasu tun kafin su kira ka.

Sadiq_Mech:
Akwai guda biyu, Yaya Usman, zane ɗaya. Gobe zan kira su in sha Allahu.

Garba_Maintenance:
Ni akwai inda lissafin Malam Lawan bai gamsar da ni ba. In awa takwas injin ke yi a rana, juyi miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ke nan kusan. Mako bakwai ya haura miliyan hamsin. Abin da aka koya mana, ƙarfe in ya wuce miliyan ɗaya zuwa goma bai tsage ba, to yana ƙasa da iyakarsa. Da 140 ɗin nan yana kansa tun ranar farko, da bai kai mako biyu ba. Akwai abin da ya canza a hanya. Sadiq, tambayi yaron da ke kula da injin, ba mai gonar ba.

Lawan_Lissafi:
Tambaya ce mai kyau, Garba. Na ɗauki 2000 ɗin Sadiq ne yadda ya ba ni. In fulin rota milimita 125 ne, jan da ake buƙata don wuce nuton-mita 36 bai kai 600 ba, nauyin da zai hau shaf in an ɗaure bel daidai wajen 900 ne. Da wannan, ko da kusurwa mai kaifi, yana ƙasa da iyaka. Na yarda, a binciko.

Sadiq_Mech:
Na samu yaron. Oga Garba, Allah ya saka da alheri. Ashe wuta ta yi musu wuya, kwana goma sha biyu da suka wuce suka cire moto suka ɗora injin dizal mai silinda ɗaya, ɗan China. Fulin bai yi saiti da na injin ba, sai suka zaro na rota waje, ya ce kamar faɗin yatsu uku. Bel yana ta zamewa yana ƙara, suka sa rodi suka ture injin baya har ya yi shiru. Ba wanda ya gaya mini.

Garba_Maintenance:
Ka ji ko. Bel da aka ɗaure da rodi ba ya tsayawa a 900. Ƙa'idar da muke bi, a danna tsakiyar bel ya sauka kamar milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tsawon da ke tsakanin fuli biyu, da ƙarfin da mai bel ɗin ya rubuta. Kuma injin silinda ɗaya bugu ɗaya yake yi a juyi biyu, fizga yake ba ja ba.

Lawan_Lissafi:
Yatsu uku a ce milimita 50, 120 ya koma 170. Ko a 2000 aka tsaya, nuton-mita 340 ne, megafaskal 81, a kusurwa ya haura 200. Wannan kam kwanaki kaɗan ya ishe shi.

Musa_Agro:
To ai magana ta ƙare, laifin mai gona ne. Ya canza inji bai faɗa ba, shi zai biya gyara.

Injiniya_Hauwa:
Ban yarda ta ƙare ba, Malam Musa. Wanda zai kai inji ƙauye a ƙasar nan ya san wata rana za a ɗora masa dizal, ya san za a ɗaure bel da rodi, ya san dutse ko ƙusa zai biyo masara. Wannan ba abin mamaki ba ne, yanayin aikin ke nan, kuma shi ya kamata a shigar a lissafi tun farko. Shaf da ke rayuwa sai in kowa ya bi ƙa'ida, bai isa ba. Da 40 ne da radiyos mai kyau, nuton-mita 340 ɗin nan megafaskal 54 ne, da wataƙila boris ne zai fara kuka a ji a gyara.

Baban_Walda_Panteka:
Hajiya ta faɗi abin da ke raina, Allah ya yi albarka. Ni kuma ina yanke shaf daidai bakin fuli, ba na barin saura, don kar wani ya samu wurin zaro shi.

Musa_Agro:
Duk da haka a rubuta a takardar sayarwa. In ba haka ba kowa ya lalata ya dawo maka da shi.

Oga_Sani_KofarRuwa:
Har yanzu ba a gwada ƙarfen ba fa. Kuna ta 250 da 400 kamar kun ga takardarsa.

Abba_BUK_400L:
Don Allah wace manhaja mutum zai koya da ita in ba shi da kuɗin lasisi?

Dr_Kabiru_Samaru:
FreeCAD kyauta ce, tana aiki da CalculiX, manhajar da ke yi mata lissafin. PrePoMax ma haka. Ansys suna da ta ɗalibai, da iyaka a girman raga. Fara da sanda mai kafe a gefe ɗaya da nauyi a ɗaya gefen, wadda ka san amsarta a takarda, ka ga ko za ka iya sa manhajar ta ba ka wannan amsar. In ka kasa a nan, kar ka taɓa rota.

Garba_Maintenance:
Wani abu da na hango a hoton, akwai jan ƙura kamar tsatsa a mazaunin boris. Irin boris ɗin nan da ƙananan kusoshi biyu yake kama shaf, in mazaunin ya yi sako-sako yana gurzar ƙarfen, tsaga na iya farawa daga nan ma. Auna mazaunin da maikiromita kafin ka yanke hukunci cewa kusurwa ce kaɗai.

Sadiq_Mech:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Abin da na tsara: UCP208, shaf 40 a boris, fuli ya matso jikin boris ba saura a waje. Guntun da ya karye zan kai wa Alhaji Sani mu sa a giranda, in auna mazaunin kamar yadda Oga Garba ya ce. Tambaya ɗaya ta rage. In na sa radiyos milimita 3 a matakala, boris ba zai zauna ya jingina ba. In sa zobe a tsakani, ko in cire matakalar gaba ɗaya in yi shaf ɗin 40 tun daga farko har ƙarshe?

Lawan_Lissafi:
Cire ta. Wannan boris ba ya buƙatar jingina.

Injiniya_Hauwa:
Dakata tukuna, Malam Lawan. In ya mayar da tsakiya 40 daga 45, rota za ta fi rusunawa, juyin da take kama rawa zai sauko. Sadiq, nawa ne tsakanin boris da boris, kuma kilo nawa rotar take da gudumominta?

Sadiq_Mech:
Tsakani milimita 520 ne. Nauyin ban taɓa ɗora ta a sikeli ba, na manhaja na ɗauka. Asabar zan je gonar, zan auno.